Ɗan Wa Ne Abokin Banza? Magana Kan Matasanmu Na Kudu



Duk wanda ya saba zama wurin sulhu a fadar Sarkin Hausawa, ko a Agege ne, ko Sabo ta Ibadan, ko Ama Hausa ta Owerri, ya san maganar da ke fara fitowa daga bakin uba idan aka kama ɗansa da laifi: "Wallahi yaron nan ba halinsa ba ne, abokan banza ne suka lalata shi." Uwa ma da kuka za ta rantse a kan haka. Idan aka aika a kira mahaifin wancan abokin, shi ma maganar da zai yi ke nan, har da rantsuwar. A ƙarshe sai a tashi taro kowa ɗansa na kirki ne. To, jama'a, ɗan wa ne abokin banzan?

Namu ne. A gidajenmu yake kwana, tuwonmu yake ci, sahu ɗaya muke tsayawa da ubansa a masallaci. Muddin kowa zai ci gaba da tura laifi gidan maƙwabci, haka za mu ci gaba da rasa yaranmu ɗaya bayan ɗaya. Ra'ayina shi ne, ba za mu iya raba matashi da tsararsa ba, kuma bai ma kamata mu ɓata ƙarfinmu a kan hakan ba. Abin da ke hannunmu shi ne mu gyara tsarar, mu samar wa yaranmu abokan da matsin lambarsu zai tura su ga alheri. Wannan kuwa aiki ne na al'umma, ya fi ƙarfin gida ɗaya.

ME YA SA MAGANAR ABOKI TA FI TA UBA SHIGA KUNNE?

Iyaye da yawa suna ɗaukar abin a matsayin raini. Yaron da jiya yake bin ka kasuwa yana riƙe da hannunka, yau ya kai sha biyar, in ka yi magana sai ya sunkuyar da kai, da ka juya baya sai ya bi abin da 'yan majalisarsu suka ce. Akwai ciwo, amma yana da kyau mu san cewa akwai halitta a ciki. Masana ƙwaƙwalwa sun tabbatar da cewa sashen da ke gaban goshi, wanda ke auna sakamako da taka wa zuciya birki, shi ne na ƙarshe wajen nuna, kuma ba ya kammala girma sai mutum ya kai wajen shekara 25. Sashen da ke son daɗi da yabo da burge mutane kuwa tun farkon balaga yake tashi da ƙarfinsa. Kamar a ba yaro sabon babur mai gudu ne alhali ba a gama ɗaura birkin ba.

A shekarar 2005, wasu masana biyu a Jami'ar Temple ta Amurka, Margo Gardner da Laurence Steinberg, sun gwada mutane da wasan tuƙin mota a kwamfuta. Wasu sun yi wasan su kaɗai, wasu kuma a gaban tsararsu. Manya ba su canja tuƙinsu sosai ba, ko da mai kallo ko babu. Matasa kuwa, da abokai suka tsaya a kansu, gangancinsu ya ninka. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan acaɓa yana ɗaga ƙafar babur ranar biki ya san wannan ba tare da ya shiga jami'a ba. Shi kaɗai a hanyar gona ba zai yi ba. Idon tsara ne ke murɗa masa hannu.

Ashe ke nan matsin lambar abokai ba lallai sai an ce wa yaro "sha" ko "ɗauko" ba. Sau da yawa dariya ce kawai. A ce masa ɗan Hajiya, a ce masa ustaz, a ce masa bagidaje, a daina kiransa in za a fita. Babba zai iya kaɗa rigarsa ya yi gaba, domin yana da iyali da sana'a da mutuncin da ya riga ya gina. Yaro ɗan sha shida bai mallaki komai ba tukuna sai matsayinsa a cikin tsara. In ka ce ya bar su ba tare da ka ba shi madadin ba, ka ce ne ya zauna ba kowa.

NAUYIN DA ƊAN KUDU KE ƊAUKA

Yaranmu da aka haifa a nan suna ɗauke da kaya biyu. A makaranta da kan titi, kalmar da ta fi kowace daɗi a harshenmu, wato "aboki", an mayar da ita abin zolaya. Ana faɗinta da nufin wanda bai waye ba, mai gadi, mai wankin takalmi. Yaro ɗan firamare yana jin wannan kullum. Idan ya kai sakandare sai ya fara neman hanyar da zai nuna cewa shi ba irin wancan "abokin" ba ne. Wani ya daina Hausa a waje, wani ya ɓoye hularsa a jaka, wani ya canja yadda ake kiran sunansa. Wani kuma ya zaɓi ya fi kowa tsageranci a aji, don a san cewa shi ma ɗan gari ne. In an je hutu Arewa kuma, 'yan uwansa na can su yi ta dariyar Hausarsa, suna ce masa ɗan bariki. A nan baƙo, a can baƙo. Yaron da ke cikin wannan hali, duk ƙungiyar da ta fara ce masa "kai namu ne" ita ce za ta mallake shi.

A da ba haka abin yake ba. Bayan da layin dogo ya isa Kano a 1911, fataucin goro da shanu ya bunƙasa, zangunanmu suka kafu a garuruwan kudu. An kafa Sabo ta Ibadan a 1916, kuma wani masani mai suna Abner Cohen ya rubuta littafi sukutum a 1969 a kan yadda unguwar ke tafiyar da kanta. Tsarin a fili yake. Kowane saurayi yana ƙarƙashin wani maigida. Shi ke ba shi masauki, ya koya masa dillanci ko lissafin huhun goro, ya tsaya masa in ya yi laifi, ya yi masa aure in lokaci ya yi. Tsarar saurayi a lokacin su ne sauran yaran maigida, kuma gasarsu ita ce wa za a fi amince wa da kuɗin fatake. Matsin lambar tsara yana nan tun a wancan zamanin, sai dai gaskiya da riƙon amana yake tura mutum.

Wannan tsarin ya yi rauni. Gidajen haya sun maye gurbin manyan gidaje, iyali guda a ɗaki ɗaya ko biyu. Uba ya fita kasuwar Mile 12 ko kara tun kafin gari ya waye, ba zai dawo ba sai bayan isha'i, cunkoson hanya ya gama cinye ƙarfinsa. Saurayi ba shi da wurin kwana a ɗakin iyayensa, sai ya koma shagon samari ko barandar wani. Ga kuma dubban matasa da rashin tsaro ya koro daga Zamfara da Katsina da Sakkwato da Borno, sun sauka babu maigida, babu mai tambayar inda suka kwana. Da gwamnatin Legas ta hana acaɓa daga 1 ga Yuni 2022 a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, sannan ta ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin a watan Satumba, matasanmu da yawa sun wayi gari babu abin yi. Zaman banza kuwa shi ne takin duk wata muguwar majalisa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

ƘOFOFIN DA AKE JAN SU

Ta farko ƙwaya ce. Mutanenmu da dama suna ɗauka cewa shaye-shaye matsalar Kano ce, don haka ɗan da ke kudu ya tsira. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, wato kashi 14.4 cikin ɗari. Yankin da ya fi kowanne shi ne Kudu maso Yamma, da kashi 22.4, alhali Arewa maso Yamma na da kashi 12. Kuma a cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi a watan Mayun 2018 bayan wani rahoton BBC, amma kasuwar ba ta mutu ba, kaya kawai aka sauya. Tiramol ɗin da hukuma ta amince da shi na miligiram 50 ne da 100, wanda ke yawo a tasha kuwa 225 ne har 250. Yaro ba ya zuwa neman ƙwayar farko da kuɗinsa. Kyauta ake ba shi, kuma daga hannun wanda ya yarda da shi. Mai dako za a ce masa ta ƙarfin aiki ce, ɗalibi a ce ta karatun dare ce, mai kunya a ce ita za ta ba shi bakin yi wa budurwa magana.

Ta biyu caca ce ta ƙwallo. A gidan kallo ake fara ta da naira ɗari. Wanda ya ci sau ɗaya kowa zai ji labari, ɗari da suka faɗi ba mai ba da nasu. Doka ta ce sai ɗan shekara 18, amma wayar wa ake dubawa? Daga nan kuɗin makaranta ya tafi, sai cinikin shago ya fara giɓi, sai bashi, sai ɗauke-ɗauke a ɗakin uwa.

Ta uku damfara ce ta intanet, wadda ake kira Yahoo. Shekarun baya muna cewa wannan ba harkar 'ya'yanmu ba ce. Yanzu mu daina yaudarar kanmu. Yaron da ajinsu ɗaya da wanda ya sayi waya ta rabin miliyan, ya ga malamai da 'yan mata suna girmama shi, ba sai an yi masa huɗuba ba. Wani ma ba a sa shi damfarar kai tsaye. Lambar asusunsa na banki kawai za a ara, a ba shi ɗan wani abu. Ranar da EFCC ta bi sawun kuɗin, sunansa ne a takarda, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ba ta san "aro na ba shi" ba.

Ta huɗu ƙungiyoyin asiri ne. A da a jami'a ake jin su, yanzu sun sauko sakandare da unguwanni. Mutanen Agege sun san Awawa, mutanen Ibadan da Ajegunle sun san One Million Boys, ga Eiye da Aiye a ko'ina. Abin da suke sayar wa yaro shi ne kariya: "shigo, ba mai sake taɓa ka." Ga yaron da ake tare wa hanya ana ƙwace masa kuɗin tara saboda shi "aboki" ne, wannan tayin yana da nauyi. Iyaye su sani, dokar da Jihar Legas ta kafa a 2021 ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga ɗan ƙungiyar asiri, da shekara 15 ga wanda ya taimaka ko ya ba da mafaka. Ga wani haɗari kuma da ya shafe mu gaba ɗaya. Mu da muka ga Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, da Shasha a 2021, mun san cewa rigimar mutum biyu kan rikiɗe ta zama ta ƙabila cikin awa guda. Yaro ɗaya da ƙwaya ta gusar wa hankali zai iya jawo wa unguwa guda asarar da za a yi shekaru ana jinya.

'Yan mata kuma nasu matsin ba ya ƙara, shi ya sa ba a lura. Anko ne a kowane biki, wanda ba ta yi ba a ware ta a hoto. Waya ce, man bilicin ne, rawar TikTok ce, shisha ce a ɗakin ƙawa. Yarinyar da ubanta ba shi da halin anko uku a wata, ƙawa ce za ta nuna mata wanda zai biya. Da yawa daga cikin kukan da ake yi a ɓoye a unguwanninmu daga kuɗin ɗinki ya faro. A nan iyaye mata su yi mini afuwa, gasar da yara ke yi a wurinku suka gani. In uwa ta ci bashi don kada a raina ta a biki, da wane baki za ta ce wa 'yarta ta yi haƙuri da abin da take da shi?

MAGUNGUNAN DA MUKE SHA BA SA WARKARWA

Na farko duka da zagi. Duka yana koya wa yaro ɓoyewa ne. Wanda aka kora daga gida da bulala, wurin waɗanda ake gudun ya haɗu da su zai kwana, kuma su ba za su tambaye shi komai ba.

Na biyu, "a tura shi gida." Wannan shi ne maganin da muka fi so a kudu. Yaro ya fara fitina, sai a sa shi a motar Kano ko Sakkwato, a kai wa kakar da ko idonta ba ya gani sosai. Na yarda akwai inda sauyin wuri ke taimakawa, musamman in rayuwar yaro na cikin haɗari, kuma akwai tsayayyen kawu da sana'ar da ke jiransa. Amma in babu wannan, an ɗauke shi ne daga idon uba an kai shi inda babu ido ko ɗaya. Can ma akwai 'yan daba, akwai sara-suka, akwai ƙwaya. Kuma ɗan Legas da ya sauka a ƙauye yana son ya nuna wa tsararsa cewa ya ga duniya. Sau da yawa ba gyara muke aikawa gida ba, cuta muke aikawa.

Na uku gidan mari. Mu tuna abin da aka gani a 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura, da kuma Ojoo a nan Ibadan inda aka fito da mutum 259. An ga sarƙa a ƙafa, an ga tabon duka, an ga yunwa. Iyaye ne suka kai su da kuɗinsu, da kyakkyawar niyya. Wanda ƙwaya ta riga ta kama jikinsa mara lafiya ne, likita yake buƙata. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba, da Aro ta Abekuta, da Uselu ta Binin, da Inugu, da Kalaba. Hukumar NDLEA ma tana da layin kira kyauta, 0800 1020 3040, domin neman shawara. Zuwa can ba tonon asiri ba ne. Tonon asiri shi ne ranar da za a ɗauko yaro daga ƙarƙashin gada.

Na huɗu, a yi masa aure ko a aurar da ita "don hankali ya zo." Aure ba asibiti ba ne. Wanda bai iya riƙe kansa ba, an ƙara masa 'yar mutane ne a cikin wahala.

Wani zai ce duk wannan dogon turanci ne, tarbiyya da addu'a sun isa. Ba mai jayayya da addu'a, ita ce makaminmu na farko da na ƙarshe. Amma addinin da ya koya mana addu'a shi ne ya ba mu misalin mai sayar da turare da mai zuga wutar ƙira, don mu gane cewa zama da mutum yana barin alama ko an so ko ba a so ba. Hausawa ma sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mun ga 'ya'yan malamai da suka sauke Alƙur'ani sun faɗa, mun ga marayu da suka tsira. Bambancin sau da yawa shi ne da wa suke zama daga la'asar zuwa sha ɗayan dare.

ABIN DA ZA MU IYA

Akwai ƙasar da ta gwada wannan hanyar ta ga amfaninta. A Aislan, can arewacin Turai, a 1998 kashi 42 cikin ɗari na yara 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun yi maye da giya a cikin watan da ya wuce. Zuwa 2016 adadin ya sauko kashi 5. Ba wa'azin "ƙwaya ba kyau" suka ƙara ba, domin sun ga yara sun riga sun san hakan. Cika lokacin yara suka yi da wasanni da koyon fasaha a hannun manya, suka hana ƙananan matasa yawon dare, sannan iyayen kowace makaranta suka yi yarjejeniya a tsakaninsu a kan dokoki iri ɗaya. Ba mu da kuɗin Aislan, amma muna da abin da su sai da suka ƙirƙira: masallaci a kowane layi, sarki, shugabannin kasuwa, da al'adar cewa ɗa na kowa ne.

Ga shawarwarina ga ƙungiyarmu da masu faɗa a ji.

Ɗaya, iyayen kowane layi su zauna su yi magana ɗaya. Ƙarfe nawa yaro ɗan ƙasa da sha takwas zai shiga gida? Wa ke da izinin tsawata wa ɗan wani? Babban makamin yaro shi ne "ai gidan su wane ana bari." In gida goma suka tsaya a kan doka ɗaya, wannan makamin ya karye. Kuma wanda aka kawo masa ƙarar ɗansa ya yi godiya. Mu ne muka kashe al'adar tsawatarwa ranar da muka fara zuwa da faɗa gidan wanda ya gaya mana gaskiya.

Biyu, a dawo da tsarin maigida a sabon salo. 'Yan canji, 'yan gwari, mahauta, dillalan shanu, teloli, masu gyaran waya, direbobin tirela, kowace ƙungiya ta ɗauki adadin matasan da za ta koya wa sana'a a shekara, a rubuta sunayensu, a san wa ke kula da wa. Baƙon saurayi da ya sauka daga mota a san wanda zai karɓe shi kafin 'yan tasha su karɓe shi.

Uku, Islamiyyunmu su daina sallamar yaro a daidai lokacin da ya fi buƙatarsu. Yawanci da an yi walimar sauka, a shekara sha uku ko sha huɗu, shi ke nan. A buɗe ajin matasa na daban, da malami matashi da zai iya sauraron tambayar caca da soyayya da waya ba tare da ya ce "a'uzubillahi" ya rufe maganar ba. 'Yan mata ma a samar musu malama irin wannan.

Huɗu, ƙwallo. Wasu dattawa suna ganinta shiririta ce. Amma ƙungiyar ƙwallo mai koci na gari, mai dokar cewa wanda aka kama da ƙwaya ko ya bar makaranta ba zai buga ba, ta fi wa'azi goma tasiri, domin a nan tsara ce da kanta ke hana shi. Kuɗin riga da ƙwallo na shekara bai kai abin da muke kashewa a belin yaro ɗaya ba. A riƙa gayyatar yaran maƙwabtanmu Yarabawa da Ibo a buga tare. Wanda kuka ci kofi tare ba zai yi saurin ɗaukar maka makami ba.

Biyar, mu canja wanda muke tafa wa. Matuƙar mai kuɗin da ba a san sana'arsa ba shi ake ba sahun gaba da lasifika a wurin taro, yara suna gani. A shirya taron shekara a karrama wanda ya ci WAEC da JAMB, da wadda ta gama makarantar jinya, da wanda ya kammala koyon walda ya buɗe shagonsa. A kira yayyensu da suka zama lauyoyi da injiniyoyi da sojoji, waɗanda aka haifa a Sabo ko Idi-Araba, su zo su yi magana da Hausa. Yaron da ya ga irinsa ya kai wani matsayi ba zai ji kunyar hularsa ba.

Shida, bukukuwa. Ƙungiyoyin mata su yi wa anko iyaka. Wannan a hannunku yake, iyayenmu mata, kuma in kuka tsaya ba mai iya karya shi.

A cikin gida kuma, uba ya san abokan ɗansa da sunansu da gidajensu. Ka ce su shigo su ci abinci. Majalisar da ke ƙofar gidanka ta fi wadda ke bayan tasha. Ka lura da sauyi: sabuwar waya da ba kai ka saya ba, barcin rana mai nauyi, jan ido, rama, daina cin abinci da mutane, sababbin abokai da ba sa yarda su gaishe ka. Sannan ka ba ɗanka mafita. Ka ce masa duk inda ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya ce "Babana zai kira ni yanzu," ko ya bugo maka ko ƙarfe nawa ne, za ka zo ka ɗauke shi, maganar faɗa sai gobe. Yara da yawa suna so su ce a'a, hanyar faɗa ba tare da jin kunya ba ce ba su da ita.

GARE KU MATASA

Na san kuna karanta wannan shafin ko da ba kwa sharhi. Wani masani mai suna Solomon Asch ya yi wani gwaji a shekarun 1950. Ya nuna wa mutane layuka a takarda, amsar a fili take, amma ya shirya da sauran mutanen ɗakin su faɗi amsar ƙarya. Kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi ƙaryar aƙalla sau ɗaya, suna gani da idonsu. Amma da aka sa mutum ɗaya tak a ɗakin ya faɗi gaskiya, bin ƙaryar ya ragu ƙwarai. A majalisarku ma haka ne. Ba kai kaɗai ne zuciyarka ba ta so ba, kowa jira yake wani ya fara. Ka nemi aboki ɗaya da za ku tsaya tare, ko kai ka zama wannan ɗayan. Kuma ka auna abokanka da wannan: waɗanda aka kama bara, su wa suka kai musu abinci a ofishin 'yan sanda? Uwar da ake ce maka ka daina jin maganarta ita ce ta sayar da ɗan kunnenta.

Iyayenmu sun zo ƙasar nan da buhu da tabarma, abin da ya ba su wurin zama shi ne an san Bahaushe da amana. Da wannan sunan ake ba mu bashin kaya, da shi ake ba mu hayar gida, da shi ake barin mu da mabuɗin shago. In muka bar tsarar da ke tasowa ta lalace, har wanda ɗansa ya shiryu sai ya biya kuɗin. Don haka ina roƙon shugabanninmu su sa wannan batu a zaman wata mai zuwa, a fito da mutanen da za su fara da layi ɗaya, Islamiyya ɗaya, ƙungiyar ƙwallo ɗaya. Wanda ke da sana'ar da zai iya ɗaukar yaro ko biyu, ya bayyana kansa a wurin shugaban unguwarsu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, amma ka taimaka a kashe nasa, domin rufin ɗaya ne.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya haɗa su da abokan arziki, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.